Muryar Malamar Aji Biyu

Shafi na 14

Sannunku da haƙurin jira. Waɗanda suka shigo yau, ku matso, ga inda ake. Malama tana koyar da aji biyu a wata makarantar firamare. Watanta takwas da auren Injiniya, mai gyaran wayoyi a kasuwa. Duk ƙarshen mako takan naɗi karatun yara da muryarta, Injiniya ya tace hayaniyar da ke ciki a kwamfutarsa ya turo mata, ita kuma ta tura gurup ɗin iyaye domin yara su riƙa bi a gida. Jiya ta tura Karatu na 31.

*

Tana tsakiyar rubuta lissafi a allo malamar aji uku ta leƙo.

"Shugaba na kiranki. Ni zan tsaya miki."

"Yanzu? Bari in ƙarasa musu wannan layin."

"Ta ce yanzu."

Malama ta juyo da alli a hannu. Matar nan kullum sai ta tsokane ta da amarya ba kya tsufa, amma yau ƙasa take kallo. Malama ta ajiye allin, ta kaɗe hannuwanta, ta ce wa yara kowa ya kwafi abin da ke allo, ta fita.

A ofis ta tarar da mutum biyu. Shugabar makaranta tana bayan teburinta, ta cire tabarau ta ajiye a kan rajista. A kujerar baƙi kuma ga Maman 'yan biyu, wadda yaranta ke zama a bencin gaba a ajin Malama. Ta rungume jaka a ƙirji, ko sallamar Malama ba ta amsa ba.

"Rufe ƙofar," in ji Shugaba. "Zauna."

Ta zauna a bakin kujera.

"Malama, abin da kika tura wa iyaye jiya, kin saurara kafin ki tura?"

"A'a, Hajiya. Ai ni na karanta shi da bakina. Labarin akuyar nan ne da ta shiga gona."

Maman 'yan biyu ta ja tsaki mai tsawo.

"Akuya! Kin ji ko, Hajiya? Wai akuya."

"Yi haƙuri, Maman 'yan biyu. Ba ni wayar."

Shugaba ta rage ƙarar wayar sosai, ta ɗora ta a tebur, ta danna.

Da farko 'yar gyaran murya aka ji, irin wadda Malama kan yi kafin ta fara karatu. Sai murya ta fito a hankali, kowane harafi a fili.

"Masoyina, ka dawo? Na gaji da jiranka."

Abin da ya biyo baya ba zan rubuta shi a nan ba, akwai yaranmu da ke karanta shafin nan. Ku dai sani magana ce da ko tsakanin miji da mata sai mutum ya wanke baki bayan ya faɗe ta.

Malama ta sa gefen mayafi ta toshe bakinta.

"Kashe, Hajiya. Don Allah kashe."

Shugaba ta kashe.

"Muryar wa ce wannan?"

"Tawa ce." Ta ɗago ta dubi Shugaba. "Amma wallahi ba ni ba ce."

"To aljanarki ce?" Maman 'yan biyu ta juyo gaba ɗaya. "A falo na kunna musu, baiwar Allah. Sun baje littattafai, babansu na zaune yana shan shayi. Tsalle na yi na kashe, har na ture masa kofi a jiki. Da safen nan Hassan ɗina yake tambayata, Mama, me Anti take nufi? Ki faɗa min abin da zan ce masa, tunda ke ce malama."

"Ki yi haƙuri. Wallahi ban taɓa..."

"Haƙuri? Kullum ina yabonki a gida. Ina cewa ga mai kamun kai, ko dariya ba ta yi da ƙarfi. Ashe haka kike. Tir!"

"Ya isa," in ji Shugaba. Ba ta ɗaga murya ba. "Malama, shekara uku kina aiki a ƙarƙashina, ban taɓa samun ki da abin kunya ba. Shi ya sa na kira ki kafin in sa hannu a komai. An goge shi daga gurup, amma iyaye arba'in da bakwai ne a ciki, kuma da yawa sun riga sun sauke. Mai makaranta ya kira taron iyaye yau ƙarfe huɗu. Ya ce ko ki zo da bayanin da zai gamsar da su, ko in ba ki takardar sallama a gabansu."

"A gabansu?"

"Haka ya ce. Kuma kin san in aka sallame ki a kan wannan, babu makarantar da za ta sake ba ki aji." Ta mayar da tabarau ɗinta. "Ki nutsu ki yi tunani. Tsakanin bakinki da wayar iyaye, hannun wa karatun nan yake bi?"

Nan take Malama ta gane. Hannu ɗaya ne.

Ta miƙe.

"Ki ba ni zuwa huɗun, Hajiya."

*

Layin masu waya ya cika kamar kullum, kowane shago da sipikarsa, ga warin dalma da ake narkarwa. Shagon Injiniya ɗan ƙarami ne, an raba shi biyu da katako. Ɗaya ɓangaren na abokinsa Dogo ne, mai sayar da caja da murfin waya, amma a rufe yake, da alama ya fita cin abinci.

Injiniya yana sunkuye a ƙarƙashin fitila, ya buɗe cikin wata waya, iyafis a kunnensa ɗaya. Murmushi yake yi shi kaɗai. Rabon da ta ga wannan murmushin a gida har ta manta.

Ta yi sallama. Ya ɗago a firgice ya zare iyafis ɗin.

"A'a, Malama! Lafiya? An tashi ne?"

Ta shiga ta ja ƙofar gilashin. Ta ciro wayarta, ta nemo abin da ya turo mata jiya, ta danna. Daƙiƙa biyar kawai ta bari ya yi.

Ƙaramin sukudireban da ke hannunsa ya faɗi ƙasa.

"Wa ya ba ki wannan?"

"Kai ka ba ni. Karatu na 31. Ni kuma na tura wa iyaye arba'in da bakwai."

"Innalillahi." Ya dafe kai da hannu biyu. "Kin tura? Ba ki saurara ba? Me ya sa ba ki saurara ba?"

"Saboda mijina ne ya turo min."

Ya kawar da kai.

"Ban zo faɗa ba, Injiniya. Ko yaran ajina in suka yi laifi sai na ji ta bakinsu. Faɗa min daga farko. Ya aka yi bakina ya faɗi abin da ban faɗa ba?"

"Ƙila kutse aka yi min. Kin san 'yan damfarar nan..."

"Daga farko na ce. Ba daga ƙarya ba."

Aka ƙwanƙwasa gilashi. Wani dattijo ne ya manna fuska.

"Injiniya, wayata fa?"

"Gobe, Baba."

"Jiya ma gobe ka ce. Gobenka ba ta wayewa ne?"

"Wallahi gobe, Baba. Ina da baƙuwa."

Dattijon ya wuce yana mita. Injiniya ya goge gumi da bayan hannu, ya yi magana yana kallon tebur.

"Manhaja ce. Irin 'yan matan nan na AI da ake hira da su. Kai kake zaɓar halinta da yadda za ta riƙa yi maka magana. In ka ba ta muryar wani ta rabin awa, sai ta koya."

"Sai ka ba ta karatun yara."

"Shi ne mai tsabta. Babu hayaniya, kuma kina fitar da kowane harafi."

Ta dube shi kamar yau ta fara ganin sa.

"Ka san dalilin da nake fitar da kowane harafi? Akwai yarinya a ajina da kunnenta ɗaya ba ya ji. Saboda ita nake maimaita shafi ɗaya sau biyar, ina rufe taga, ina jira masu babur su wuce. Kana zaune kana kallona ina yi. Ashe lissafinka daban."

"Ba haka ba ne."

"To ya aka yi ya zama Karatu na 31?"

Ya ja numfashi.

"Wasu daga cikin hirarrakin nakan ajiye. Sai na sa musu sunan karatu na zuba su cikin naki, don na san babu wanda zai buɗe karatun 'yan aji biyu. Lokacin kina kan na takwas. Na fara daga talatin da ɗaya. Na ɗauka kafin ki kai nan kin gaji kin daina. Jiya sai ga guda biyu masu suna ɗaya, ina sauri, na ɗauko..."

"Ka ɗauka zan gaji."

Ta faɗa a hankali. Ta jawo bencin masu jiran gyara ta zauna.

"Wata takwas, Injiniya. Wata takwas ƙeyarka nake kallo a shimfiɗa. Na canza sabulu sau uku, na ɗauka wari nake yi. Na cire kunya na tambayi Yayata, ta ce in ƙara kwalliya, na ƙara. Na ɗauka ciwo ke damun ka kana jin nauyin faɗa, har na je wajen mai kemis ina kame-kame kamar ɓarauniya. In na taɓa kafaɗarka ka ce ka gaji. Ashe ba ka gaji ba. Kana da inda kake kai hirarka."

"Ban nemi kowa a waje ba!" Ya ɗago da sauri, kamar ya samu abin kamawa. "Ki tambayi duk layin nan, ba a taɓa gani na da wata mace ba. Da farko muryar wata baƙuwa ce a ciki, sai na ga kamar cin amanarki nake yi. Shi ya sa na sa taki. Ai ke ce, Malama. Ke ce a ciki."

"Ni ce?"

"Ke ce mana."

"Buɗe ta."

"Haba, Malama."

"Buɗe ta in gaisa da kaina."

Ya ɗauko wayarsa ya buɗe. Ba ta bari idonta ya tsaya a kan hoton da ke fuskar wayar ba. Abin da ta gani a ƙiftawa ɗaya ya ishe ta: babu kayan kirki a jikin abin, kuma an ja hancin da giran sun yi kama da nata. Ta kife wayar a tebur, ta sunkuya kusa da ita.

"Ke. Me kike so a rayuwarki?"

Muryarta ta amsa mata, da taushi, har da 'yar dariya.

"Duk abin da kake so, shi nake so. Ba ni da wani buri sai kai."

Malama ta ja baya, ta goge tafin hannunta a jikin zane kamar ta taɓa wani abu mai yauƙi.

"Ka ji? Ni ko mahaifina ban taɓa faɗa wa haka ba. Ina son in ƙaro karatu. Ina son labule shuɗi, kai kana son ruwan ƙasa, har muka yi kwana biyu muna musu. Ina jin haushin yadda kake barin safa a ƙarƙashin kujera. Wannan ce ni. Waccan bakinka ne kake ji da muryata."

Ya sunkuyar da kai. Da ya sake magana, muryarsa ta yi ƙasa.

"Ita ba ta kallona."

"Me ka ce?"

"Ba ta kallona. Ke kina kallona." Ya murza idanunsa. "Tun ina koyon aikin nan, Malama. Mutane su kawo waya gyara, ka buɗe ka ga abin da ke ciki. Manya, masu mutunci. Tun ina kawar da kai har na fara kwafa. Shekara goma ina kallon abubuwan nan kullum. Na ɗauka in na yi aure shi ke nan, zai wuce. Ranar da aka kawo ki, kika ɗago kika dube ni, sai na ji kamar jarrabawa aka ajiye min ban yi karatu ba. A can babu wanda yake jiran komai daga wajenka. Ba a jin kunya, ba a yin kuskure. In ka gaji ka kashe."

Ta daɗe tana kallon sa. Akwai tausayi a ranta, ba za a ce babu ba, amma ƙyama ta danne shi.

"Da ka faɗa min wannan wata takwas da suka wuce, da na zauna na saurare ka. Da mun nemi wanda ya san maganin abin, mun je tare. Yaron da bai iya karatu ba ban taɓa dukan sa ba. Amma ba ka ba ni wannan damar ba. Ka ɗauki abu ɗaya da nake ci da shi, ka tsoma a kwata."

"Ki yafe min."

"Ba yanzu ba. Yanzu ƙarfe uku da kwata. Ƙarfe huɗu iyaye za su taru. Za ka tashi ka bi ni, ka tsaya a gabansu ka faɗi abin da ka faɗa min."

Ya zaro ido.

"A gaban mutane? Malama, ki yi tunani. In aka ji ina taɓa abin da ke cikin waya, wa zai sake ba ni tasa? Shagon nan ya mutu ke nan. Ki ce kutse aka yi miki. Ni zan rubuta miki bayanin da turancinsa, babu wanda zai gane."

"Maman 'yan biyu ta ji gyaran muryata, Injiniya. Ta ji yadda nake jan numfashi. Kana ganin takarda za ta goge mata wannan? Duk ranar da na buɗe baki a gaban yaranta, abin da za ta ji ke nan. Sai dai in ta ga wanda ya yi, ta ji daga bakinsa."

"Mahaifiyata za ta ji."

"Tawa ma za ta ji. Bambancin, ni ban yi ba."

A waje wani yana gwada sipika, yana kunnawa yana kashewa.

Injiniya ya ɗauki wayar. Ya juyo da ita yadda za ta gani, ya danna ya riƙe, ya goge manhajar. Ya buɗe kwamfuta, ya zaɓi duk abin da ya ɓoye cikin karatun, ya goge, ya shiga kwandon sharar kwamfutar ya sake gogewa.

"Kin gani. Ta tafi. Wallahi babu sauranta ko'ina."

"Ka rantse?"

"Na rantse."

Ya kashe fitilar aiki. Ya rufe wayar da yake gyarawa da ƙyalle, ya ciro makullan shago daga aljihu. Idanunsa sun yi ja.

"Mu je. Zan faɗa musu."

Malama ba ta yafe ba, amma ta ji wani abu ya ɗan sassauta a ƙirjinta. Ta gyara mayafinta, ta miƙa hannu za ta buɗe ƙofa.

Sai aka ji ƙarar buɗe kwado a ɗaya ɓangaren. Dogo ya dawo. Aka ja kujera, aka yi gyatsa, aka ajiye wani abu a kan kanta. Katakon da ya raba shagunan bai kai kaurin yatsa ba.

Daga bayansa murya ta fito, a hankali, kowane harafi a fili.

"Sannu da zuwa, Dogona. Ka ƙoshi kuwa?"

Dogo ya yi dariya ƙasa-ƙasa.

"Na ƙoshi, Malama. Saura ke."

Hannun Malama ya tsaya a kan marikin ƙofa. Ba ta yi ihu ba. Ta juyo a hankali ta dubi mijinta.

"Ka ce babu sauranta."

"Malama, ki saurare ni. In ka raba muryar da ka haɗa, sai manhajar ta buɗe maka wasu abubuwa kyauta. Dogo kaɗai na tura wa, shi ne ya sa a wani gurup, ni ban..."

"Mutum nawa?"

Ya kalli katakon. Ya kalli ƙasa.

"Injiniya. Mutum nawa ne suke da muryata a aljihunsu?"

Da ƙyar maganar ta fito.

"Na daina ƙirgawa."